Wai a kashe waya yau da dare saboda guguwar rana?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu ilimi a cikinku ku duba min wannan. Tun la'asar aka turo saƙo a gurup ɗin danginmu, wai yau da dare daga ƙarfe 12:30 zuwa 3:30 wani haske mai guba zai ratso duniya daga sama, kowa ya kashe wayarsa, kada a kwana da ita kusa da kai. Wai NASA ce ta faɗa. Surukata har ta tattara wayoyin gidan nan ta zuba a tukunya ta rufe da murfi. Ga shi maigidan yana hanya, da dare zai kira.

Ɗan Sola: Hajiya, je ki ciro wayoyin nan kafin a ɗora miya a kansu. Wannan saƙon ya girmi wayar da ke hannunki. Tun ina makaranta nake ganinsa, kullum "yau da dare" ne, ba kwanan wata, ba shekara.

Maman Hanifa: Kai dai ba ka rabo da zolaya. To ai na sha ji a labarai ana cewa guguwar rana, ita ma ƙarya ce?

Malamin Fiziks: Wa alaikumus salam. Hajiya, saƙon ƙarya ne, guguwar rana kuma gaskiya ce, cuɗa su aka yi kamar tsakuwa a shinkafa. Bari in tsince miki.

Rana ba a kwance take lafiya lau kamar yadda muke ganinta ba. Dunƙulen iskar gas ce mai tsananin zafi, kuma tana da maganaɗisu mai ƙarfi da ke murɗewa yana sarƙewa. Inda ya sarƙe sosai sai wurin ya yi baƙin tabo a fuskarta. Ba wai wurin ya huce ba ne, fuskar rana tana kai digiri 5,500, tabon kuma bai kai 4,000 ba, shi ya sa yake fitowa baƙi a tsakiyar haske. Tabban nan suna yawa su ragu, su sake yawa, kusan duk shekara 11. Wani Bajamushe mai suna Schwabe ne ya gano haka a 1843 bayan ya shafe shekaru yana ƙirga su. Zagayen da muke ciki shi ne na 25, ya fara a Disamban 2019, kuma a Oktoban 2024 NASA da hukumar NOAA mai lura da yanayi ta Amurka suka sanar ya kai ƙololuwa.

Daga wuraren tabon nan abu biyu ke fitowa. Akwai walƙiya, wadda haske ce zalla, tana cin kilomita miliyan 150 da ke tsakaninmu da rana a minti 8 da 'yan daƙiƙu. Akwai kuma abin da nake ce wa ɗalibaina aman rana, wato ta tunkuɗo gas mai caji, tan biliyoyi, ya taho kamar hadari. Shi yakan yi kwana 1 zuwa 3 a hanya. In ya iso ya daki garkuwar maganaɗisu da Allah ya kewaye duniya da ita, sai garkuwar ta yi ta girgiza. Wannan girgizar ita ce guguwar da kika ji. Ba ɗaya daga cikinsu da ke saukowa ƙasa ya shiga wayarki, iskar da ke samanmu ta tare su. Kuma ki duba wautar saƙon: walƙiyar rana ɓangaren da ke fuskantar rana take samu, mu kuwa ƙarfe 12:30 na dare mun ba ta baya.

Kafi-Gardama: To in haka ne Malam, meye namu a ciki? Abu ba ya taɓa mutum, ba ya taɓa waya. Turawa ne dai suka ƙoshi suke neman abin kashe wa kuɗi.

Malamin Fiziks: Ba ya taɓa mutum, amma yana taɓa dogayen wayoyin ƙarfe irin na layin wuta, ba wayar hannu ba. In maganaɗisu yana motsi kusa da irin wannan wayar, wuta na tasowa a cikinta, haka janaretonka ke aiki. A farkon Satumban 1859, shekara 44 kafin Turawa su ci Kano, wani Bature ɗan Ingila, Richard Carrington, yana zana tabban rana sai ya ga farin haske ya ɓarke a tsakiyarsu. Ba a yi awa 18 ba aman ya iso. Wayoyin tangarahu, waɗanda ake aika saƙo ta cikinsu a wancan zamanin, suka riƙa tartsatsi, ma'aikata suka sha jan wuta, wasu ma suka cire batir suka ci gaba da aika saƙo da wutar da guguwar ta zuba a layin. Hasken da ake gani a sararin ƙasashen ƙanƙara kaɗai, wanda ake ce wa orora, ranar har Kuba an gan shi.

Sannan ranar 13 ga Maris 1989, lardin Kubek na Kanada. Cikin minti ɗaya da rabi layin wutarsu gaba ɗaya ya zube, mutum miliyan 6 suka yi awa 9 a duhu, ga sanyi.

Ɗan Sola: Awa 9 kacal? Har aka rubuta a tarihi? Malam, unguwarmu yau kwana 4. A aiko su su zo su ɗauki kwas.

Kafi-Gardama: Ka ji ko. Kada dai masu wuta su ji wannan hirar, faɗuwa ta zo daidai da zama, gobe in layin ƙasa ya faɗi sai su ce rana ce ta yi amai.

Malamin Fiziks: Ai ba za su samu wannan mafakar ba. Wutar da guguwar ke zubawa a layi ta fi ƙarfi a ƙasashen da ke kusa da ƙuryar arewa da ƙuryar kudu, irin su Kanada da Suwidin. Mu da muke kusa da ikwaita, layin da ya raba duniya arewa da kudu, kusan a ce ba ruwanmu. Namu ɗaukewar na gida ne.

'Yar Samaru: Malam, Allah ya ƙara sani, na amfana ƙwarai. Amma a yi min afuwa, wannan "ba ruwanmu" ɗin ban yarda da shi duka ba, don a kansa nake karatu yanzu. Gaskiya ne ɗaukewar wutarmu ta yau da gobe ba rana ba ce. Sai dai ikwaita biyu ce. Akwai ta taswira, wadda ke can cikin teku kudu da Legas. Akwai kuma ta maganaɗisu, layin da in an rataye allurar maganaɗisu a kansa za ta kwanta sambal, ba ta sunkuya ba. Wannan ta biyun ta arewacin Najeriya ta ratsa. Muna zaune a ƙarƙashinta.

Kuma a saman layin nan, wajen kilomita 100 daga ƙasa, akwai wata wutar lantarki da ke gudana zuwa gabas kullum da rana, kamar kogi siriri. Tun daga awon da aka yi a Huancayo ta ƙasar Peru a shekarun 1920 aka lura maganaɗisu a wurin yana hawa da sauka fiye da ko'ina, daga baya masanin kimiyya Sydney Chapman ya raɗa wa wutar suna "equatorial electrojet" a 1951. Ɗaya daga cikin manyan da suka yi suna a duniya kan bincikenta ɗan ƙasar nan ne, Farfesa Cyril Onwumechili, tun yana Ibadan a shekarun 1950. To wurin da masana ke tasowa daga Japan su dasa na'urar awon maganaɗisu a Legas da Ilorin da Abuja, ba a ce ba ruwansa ba.

Malamin Fiziks: Na karɓi gyara, 'yata. Ni a kan taransifoma na tsaya, ke kin hau sama. Ci gaba, muna saurare.

Baba Mai Rediyo: Salamu alaikum. Jikana ne ke rubuta min, ni ina faɗa. Yaran nan kun taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Ni shekara sama da 40 ina kama tashoshin waje a gajeren zango. Ba wanda ya koya min, amma na san da rana sai mita 16 da 19, da asuba da dare kuma mita 41 da 49 sun fi fita. Na kuma san akwai shekarun da rediyo ke kamawa tar kamar mai maganar na zaune a zaure, akwai shekarun da sai ka yi ta juya eriya.

Abin da nake so in tambaya shi ne wannan. Wata rana, ba a fi shekara biyu ba, ina zaune gindin darbejiya bayan azahar ina jin shirin rana, sai murya ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, ta ɓace ɗif. Na murɗa daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ba tasha ko ɗaya, ko ta Larabawa, ko ta Faransawa, sai shuuu. Na buɗe baya na fito da batura na lasa, da ransu. Na sa sababbi duk da haka. Na bubbuga akwatin. Na koma FM, tashar gari na magana lafiya lau. Har na fara yi wa wannan mai rubutun faɗa, na ce shi ya jefar da ita ya ɓoye min. Can bayan kamar rabin awa sai ga muryoyi suna dawowa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya taɓa komai. Shin wannan aikin ranar ne?

'Yar Samaru: Baba, ina wuni, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Wallahi yadda kuka kwatanta shi ko a littafi sai haka. Biri ya yi kama da mutum sosai. Gajeren zango ba miƙe yake zuwa muku daga Landan ko Jamus ba, duniya a lanƙwashe take. Sama yake tafiya ya daki wani rufi na iska mai caji da ake kira ayonosfiya, ya dawo ƙasa, kamar ƙwallo a bango. Hasken rana ne ke gina rufin nan, shi ya sa mitocin rana daban, na dare daban, shi ya sa kuma shekarun yawan tabo manyan tashoshin mita 16 suka fi fita.

In rana ta yi walƙiya mai ƙarfi, hawa na can ƙasa na rufin yakan yi kauri nan take, maimakon saƙon ya wuce ya dawo sai ya shanye shi kamar soso. Duk ɓangaren duniya da ke cikin rana a lokacin, gajeren zango ya mutu, daga 'yan mintoci zuwa awa ɗaya ko fiye. Kuma inda rana take tsaka a ka nan ya fi tsanani, kun ga mu kenan da azahar. FM kuwa daga turken tashar gari yake zuwa kai tsaye, bai bi ta sama ba. A nemi afuwar jika, Baba.

Baba Mai Rediyo: Ya ce in biya shi diyya. Allah ya yi miki albarka, 'yar nan.

Safiyo: Tunda Baba ya buɗe, ni ma bari in kawo tawa. Aikina awon filaye ne, da na'urar GPS ta masu safiyo, wadda ke ba ka wuri daidai har santimita, ba irin ta waya ba. A azumin 2024, wanda ya faɗo Maris zuwa Afrilu, muna yanka fulotai a bayan gari. Zafi ya hana mu sakat, sai na ce da yarana mu riƙa fita bayan an sha ruwa, da tocila. Daren farko na kafa ƙafafun na'ura a kan dutsen iyakar da na sani kamar yunwar cikina, na jira ta kama. Ta kama, ta saki. Ta kama, ta saki. Taurarin ɗan'adam da take gani su 20 da wani abu, kafin ka ƙifta ido sun ragu, sun dawo. Lambobin suna ta rawa, dutsen da ke gabana a dasa wai yana tafiya. Muka yi ta fama har wajen 11 muka naɗe. Washegari bayan asuba, wuri ɗaya, na'ura ɗaya, ba a yi minti ɗaya ba ta kama ƙam. Kwana uku ana haka. Na kira wanda ya sayar min na zazzage masa, na ce tsohuwa ya wanke ya ba ni.

'Yar Samaru: Yaya Safiyo, shi ma a kira shi a ba shi haƙuri. Wannan shi ne ainihin namu na yankin ikwaita, kuma ya fi guguwar da ake yayatawa yawan faruwa. Taurarin GPS suna can sama da kilomita 20,000, dole saƙonsu ya keto ayonosfiya kafin ya iso na'urarka. Da rana ta faɗi, ƙasan rufin nan yakan yi saurin sacewa, saman kuma yana nan da nauyinsa, sai wasu manyan kumfa su taso daga ƙasa su keta sama, kamar yadda kunu ke ɓulɓula a tukunya. Saƙon da ya bi ta cikinsu sai ya riƙa ƙyaftawa, yadda tauraro ke yi a ido. Daga bayan magariba zuwa tsakar dare abin yake, kafin asuba ya lafa. A nahiyarmu ya fi yawa a wajejen Maris da Afrilu, da Satumba da Oktoba, kuma ya fi tsanani a shekarun yawan tabo. Kai kuwa ka haɗa duka ukun: bayan magariba, watan Maris, shekarar ƙololuwa.

Wani abin mamakin ma, ba sai an yi guguwa ba. Daren da komai ke kwance ma yana faruwa. Guguwa takan iya tayar da kumfan, takan iya kuma danne su, ya danganta da lokacin da ta iso.

Safiyo: Ikon Allah. Wato da na yi haƙuri da zafin safe da ban yi asarar kuɗin mai na dare uku ba.

Kafi-Gardama: Ni fa har yanzu ban gamsu ba. Rediyon Baba ya yi shiru rabin awa, Safiyo ya koma da safe. Shi ke nan? A kan wannan za a harba taurari na biliyoyi?

Malamin Fiziks: Duba abin da ya faru ranar 10 zuwa 11 ga Mayu 2024. Wani gungun tabo da aka ba lamba 3664, faɗinsa ya ninka duniya kusan sau 15, ya yi ta amai a jere. Guguwar ta kai mataki na 5, wanda shi ne ƙarshen ma'aunin NOAA, rabon da a ga haka tun Oktoban 2003. An ga orora a Meziko da arewacin Indiya. Manoman Amurka da taraktocinsu ke bin GPS wajen shuka, da yawa dole suka tsaya, ana tsakiyar lokacin shuka. Amma ba a ji wata babbar ƙasa ta faɗa duhu irin na Kubek ba, kuma sanarwar da aka bayar tun kafin ya iso tana cikin dalili, masu kula da layukan wuta sun kwana da shiri.

A Fabrairun 2022 kuwa, kamfanin SpaceX ya harba taurarin intanet na Starlink guda 49, wata 'yar ƙaramar guguwa ta dumama iskar can sama ta kumbura, ta riƙe su, 38 suka faɗo suka ƙone. Ƙarama fa.

'Yar Samaru: In ƙara a kan na Malam. Guguwar 2003 ta ɗauke wuta a birnin Malmo na Suwidin, wannan ba mamaki. Abin da ya tayar wa masana hankali shi ne manyan taransifomomi da suka lalace a Afirka ta Kudu bayanta, ƙasar da ake ganin ta yi nesa da wannan matsala. Yanzu haka suna da cibiyar sa ido kan yanayin sararin samaniya a garin Hermanus, tun 2022 take aiki dare da rana. Mu ma hukumarmu ta sararin samaniya, NASRDA, tana da cibiyar binciken sararin sama a Anyigba ta jihar Kogi. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Kafi-Gardama: Ƙanwata, Doma tana da wutar da za a ɗauke. Ni dai a ra'ayina a fara gyara taransifomar unguwa tukun, sannan a kare ta daga rana.

'Yar Samaru: Yaya, ai ba kishiyoyi ba ne. Na'urar awon maganaɗisu ba ta kai kuɗin motar babban mutum ɗaya ba. Kuma jirgin da ke kai alhazai, da masu haƙar mai a teku, da turakun sabis da ke saita agogonsu da GPS, duk ta samanmu saƙonsu ke bi. In ba mu auna samanmu ba, lissafin da aka gina da awon Turai za a yi ta yi mana amfani da shi, kuma samansu ba irin namu ba ne.

Kafi-Gardama: Wannan ta ƙarshen ta ɗan shige ni. Ɗan kaɗan.

Ɗan Maraɗi: Gaisuwa daga Nijar. Tambayata, su masu sa idon, da me suke ganin abin tun bai iso ba? Rana ai ba ta kalluwa.

Malamin Fiziks: Ka tuna husufin 29 ga Maris 2006, da rana ta yi duhu da hantsi a wajejenmu da naku?

Ɗan Maraɗi: Ina zan manta. Kaji har sun shiga akurki, aka yi ta sallar husufi.

Malamin Fiziks: To lokacin da wata ya rufe ta ruf, wani farin gashi-gashi ya bayyana a kewayenta. Wannan shi ne rawanin rana, daga nan aman ke fita. Akwai tauraron ɗan'adam mai suna SOHO da aka harba a 1995, yana ɗauke da kyamara mai ɗan faifai a gaba da ke rufe ƙwayar ranar, husufi na ƙirƙira kenan, dare da rana. In aman ya fita gefe, za a ga ya yi gefe. In aka ga ya buɗe kamar zobe ta kowane ɓangare, to ko dai mu ya nufo, ko ya ba mu baya. Daga hotunan ake lissafa gudunsa a ce zai iso jibi da yamma, misali.

Walƙiya kuma taurarin GOES ne ke auna ƙarfinta, a ba ta harafi: A, B, C, M, X, kowanne ya ninka wanda ya gabace shi sau 10. Wadda ke kashe rediyon Baba daga M mai ƙarfi ne zuwa X. Ita ba a iya gargaɗi a kanta, ganinta shi ne isowarta.

Sannan akwai masu gadi a bakin ƙofa. A nisan kilomita miliyan 1.5 daga nan ta wajen rana akwai wani wuri da tauraro zai iya zama tsakaninmu da ita, can aka ajiye tauraron ACE a 1997, aka ƙara DSCOVR a 2015. Aman sai ya bi ta wurin kafin ya iso mu, taurarin da ke gadi a can su ɗanɗana su aiko da labari. Tazarar minti 15 zuwa awa ɗaya ce kawai.

'Yar Samaru: Kuma wannan ɗan lokacin shi ne mai tsada, don sai a nan ake sanin inda maganaɗisun aman ya fuskanta. In arewa ya kalla, irin na duniya, sai ya goge ta ya wuce, a yi ta jiran guguwa shiru. In kudu ya kalla, sai ya sarƙe da namu, ƙofa ta buɗe, ƙarfin ya kwararo. Shi ya sa wani lokaci za a yi ta shela a ga ba komai, mutane su ce ƙarya ne. Ba ƙarya ba ne, ba a ganin wannan daga nesa.

A ƙasa kuma akwai ma'aunin Kp, mai nuna ƙarfin girgizar maganaɗisun duniya, daga 0 zuwa 9, ana fitar da shi duk awa 3 daga tashoshin awo 13, cibiyar Potsdam ta Jamus ce ke haɗa shi. Daga 5 an shiga guguwa. Ta Mayun 2024 ta kai 9. Duk wanda ke so ya gani da idonsa, shafin cibiyar hasashen NOAA da ke Boulder a buɗe yake kyauta.

Na'ibin Liman: Allah ya saka da alheri. Tawa ta shafi ibada. In maganaɗisun duniya na girgiza, kamfas ɗin da muke duba alƙibla da shi a waya fa? Kada mutum ya kalli wani wajen.

'Yar Samaru: Allah gafarta Malam, a kwantar da hankali. Ƙarfin maganaɗisun duniya a yankinmu ya haura 30,000 a ma'aunin da ake kira nanotesla. Guguwar Mayun 2024, da duk girmanta, abin da ta rage bai fi 400 da 'yan kai ba. Ɗaya bisa ɗari da ɗoriya kenan, ido ba zai ga allura ta gusa ba. Abin da ke karkatar da kamfas da gaske yana kusa: rodin da ke cikin daɓen siminti, ƙofar ƙarfe, lasifikar masallaci, ko maganaɗisun da ke jikin murfin wayar. A fita fili a gwada, a nisanci ƙarfe.

Na'ibin Liman: Lasifika kam a gabana take kullum. Na gode.

Maman Hanifa: To wannan zafin da ake yi fa, da ciwon kai? Maƙwabciyata ta ce rana ce ta matso.

Ɗan Sola: Wannan ni zan amsa, don da rana nake cin abinci. Da a ce ƙarfinta na ƙaruwa a shekarun tabo yadda ake faɗa, da na gani a mitar fanel. Ba na ganin komai. Abin da ke rage min wuta ƙura ce da hazo, da zafin da ke sa fanel kasala.

Malamin Fiziks: Ya yi gaskiya. Tsakanin shekarar yawan tabo da ta ƙarancinsa, bambancin hasken da ke iso mu kusan kashi ɗaya ne cikin 1,000. Zafin bazara na kowace shekara ne, rana na tsaka a ka, ba gajimare, ƙasa a bushe. Ƙarin da ake ji a 'yan shekarun nan kuma maganar ɗumamar yanayi ce, wani babi ne daban. Ciwon kai a sha ruwa, in ya ƙi a je asibiti a auna jini.

Ɗan Maraɗi: Intanet da ta ɗauke mana a Maris 2024 fa, har bankuna suka tsaya? A lokacin an ce rana ce.

Malamin Fiziks: A'a. Ranar 14 ga Maris ɗin igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku ne suka tsinke a wajen gaɓar Kwaddebuwa, sai da jiragen ruwa suka je suka ɗinke. Haka ma dish da ke ɗaukewa na 'yan mintoci da rana a wajejen Maris da Satumba, ba guguwa ba ce. Rana ce ke bi ta daidai bayan tauraron da dish ɗin ke kallo, hayaniyarta ta danne saƙon, ta wuce ya dawo. Wannan tun shekara guda kafin ya faru ana iya faɗar ranarsa da mintinsa.

Baba Mai Rediyo: Jikana ya ce in hunturu ya zo, ranar da hazo ya rufe rana ta zama kamar farin faranti, zai duba ya ga tabon da ido.

Malamin Fiziks: Baba, don Allah ku hana shi. Gaskiya ne mutanen da, musamman a Sin, ta cikin hazo suka fara ganin manyan tabo suka rubuta. Amma hazo yana rage hasken da ke sa mutum runtse ido ne, bai tare duk abin da ke ƙona cikin ido ba, kuma wurin ba ya jin zafi, sai daga baya mutum ya ga wani duhu a tsakiyar ganinsa. Baƙin gilashi, da fim ɗin asibiti, da gilashin da aka shafa wa hayaƙi, duk ba sa karewa. In yana so, ya zo makaranta ranar Asabar. Muna ɗaure madubin hangen nesa a kan kujera, mu juya shi ga rana ba tare da kowa ya leƙa ba, mu tara farar takarda a bayansa. Hoton ranar zai fito a takardar kamar bakin kofi, in akwai babban tabo za a gan shi kamar ƙuda ya sauka. Yara na zana shi da fensir, bayan kwana 3 su dawo su tarar ya gusa, don ita ma ranar juyawa take, kusan kwana 27 take zagayowa.

Safiyo: Malam, manya ma za su iya zuwa? Sannan ƙanwata, in Kp na ƙasa kenan zan iya fita aikin dare?

'Yar Samaru: A'a Yaya, kada Kp ya ruɗe ka, tashoshin da ake haɗa shi da su duk suna nesa da ikwaita, bai san kumfanmu ba. Kai dai aikin da ke son santimita ka yi shi daga asuba zuwa hantsi. In dole sai dare, ka bari sai can bayan 1 ko 2, kuma ka sake auna dutse ɗaya da ka sani kafin ka yarda da sauran.

Malamin Fiziks: Kowa ya zo, ƙarfe 9 na safe, kafin rana ta yi zafi. A taho da farar takarda, tamu ta ƙare.

Maman Hanifa: Na karanta wa surukata duka, har na Baba da rediyonsa, ta yi ta dariya. Ta ce ta ji ta yarda, amma tukunya ba za a buɗe ba sai an yi sallar asuba. Ɗan Sola, in maigidan ya kira ka yana nemana, ka ce masa lafiya lau muke.